Bolt, Amfiya da Om: Inda Mai Koyon Aikin Lantarki Ya Kamata Ya Fara

Akwai wani ɗan ƙaramin ƙwan fitila da ake kira LED, irin wanda ke nuna ja ko kore a gaban talabijin da dikoda da cajar waya. Kusan duk yaron da sha'awar kayan lantarki ta kama, da shi yake fara gwaji, kuma mafi yawansu hanya ɗaya suke bi. Sai a samo batir mai bolt 9, a ɗora ƙafafun ƙwan biyu a kan kawunansa. Ƙwan ya yi wal da haske mai ƙarfi, ya dushe, wani lokaci har da ɗan ƙauri, shi ke nan ya tashi daga aiki. Yaro ya ce jabu aka sayar masa, ya sayo wani, shi ma ya bi sahun na farko.

Ƙwan ba shi da laifi. Jan LED bolt 2 yake buƙata ko kusa da haka, kuma wutar da zai iya bari ta ratsa shi ba tare da ya lalace ba ba ta wuce miliamfiya 20 ba, wato kashi 20 cikin 1,000 na amfiya ɗaya. An ba shi bolt 9, babu abin da zai tare masa rarar, dole ya ƙone. Wanda ya gane dalilin mutuwar wannan ƙwai, ya kuma iya lissafa abin da zai hana ta, ya kama bakin zaren ilimin lantarki. Wanda bai gane ba kuwa yana iya yin shekara goma a shagon gyara yana cire wannan yana sa wancan; in an dace kaya su tashi, in ba a dace ba a ce wa mai su ba sa gyaruwa.

A kasuwar waya ta Farm Centre da Titin Beirut a Kano, da Panteka a Kaduna, da shagunan gyara na Maraɗi da Damagaram, akwai matasa masu hannu na ban mamaki. Wani zai cire ɗan mitsitsin abu daga allon waya ya mayar da wani ba tare da hannunsa ya yi rawa ba. Hannu ba shi ne abin da ya yi ƙaranci ba. Awo da lissafi ne suka yi ƙaranci, kuma su ne suka fi sauƙin koyo in an samu wanda zai zaunar da mutum ya nuna masa.

Abubuwa uku da komai ya rataya a kansu

Malaman wannan fanni sun daɗe suna kwatanta lantarki da ruwan tankin da aka ɗora a saman gida. Tsayin tankin shi ke ba ruwa ƙarfin turi: wannan shi ne bolteji, ana auna shi da bolt. Yawan ruwan da ke wucewa ta cikin bututu a kowace daƙiƙa shi ne karan, ana auna shi da amfiya. Ƙuncin bututun, wanda ke rage wa ruwan gudu, shi ne turjiya, ana auna ta da om. Kwatancen na da iyaka, domin in bututu ya tsinke ruwa zuba yake yi, ita kuwa lantarki tsayawa take yi cak. Ba ta tafiya sai ta samu hanyar da za ta fita daga batir ta zagaya ta koma cikinsa. Amma ya isa a fara da shi.

Sunayen nan uku na mutane ne. Alessandro Volta, ɗan Italiya, shi ya ƙera batir na farko a 1800. André-Marie Ampère Bafaranshe ne da ya yi bincike kan alaƙar lantarki da maganaɗisu. Georg Ohm kuwa malamin makaranta ne a Jamus, ɗan wani maƙerin makullai, wanda ya riƙa gwaji da wayoyi masu tsawo da kauri daban-daban har ya fitar da littafinsa a 1827. Masanan zamaninsa ba su karɓi aikin hannu bibbiyu ba, sai a 1841 aka karrama shi a Ingila. Abin da ya gano gajere ne: bolteji daidai yake da karan sau turjiya. In an san biyu daga cikin ukun, na ukun ya fito.

A koma ga ƙwan da ya ƙone. Batir na ba da bolt 9, ƙwai na son 2, saura 7 da ya kamata wani abu ya riƙe. Wannan abu shi ne resista. Ana son miliamfiya 20 ta wuce, wato 0.02 na amfiya. In aka raba 7 da 0.02, za a samu 350. Ba a cika samun resista mai om 350 a kasuwa ba, sai a ɗauki ta sama da ita, mai 390 ko 470. Da mai 470 karan zai sauka zuwa kusan miliamfiya 15, ƙwan zai haska lafiya kuma ya daɗe. Lissafin bai wuce debewa da rabawa na 'yan firamare ba, amma shi ne dai injiniya ke yi a kan manyan injuna, lambobin ne kawai ke ƙara girma.

Akwai lissafi na biyu da ke tafiya tare da na Ohm, shi ne na wat: bolteji sau karan. Dutsen guga mai wat 1,000 da aka jona a wutar gida mai bolt 230 yana jan amfiya 4 da 'yan kai. A ɗauki wannan dutsen guga a jona shi a inbata mai aiki da batir mai bolt 12: domin a samu wat 1,000 ɗin nan, sai batir ya fitar da amfiya sama da 83. Shi ya sa wayoyin da ke tsakanin batir da inbata suke da kauri sosai, shi ya sa kuma wanda ya yi ƙoƙarin rage kuɗi ya sa siririyar waya a wurin yake tarar da robarta ta narke. Zafin da waya ke yi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da karan, gaba yake yi ya bar shi: in karan ya ninka sau biyu, zafi ya ninka sau huɗu. Wannan dalili ne ya sa wutar da ke tasowa daga Kainji da Shiroro ake ɗaga ta zuwa bolt 330,000 kafin a tura ta nesa, domin karan ya ragu, asara a hanya ta ragu. Daga nan ake ta sauke ta mataki-mataki, 132,000, 33,000, 11,000, har transifomar unguwa ta mai da ita wadda za ta shiga gida.

Transifomar kanta da janareta duk daga gwajin Michael Faraday na 1831 suka samo asali. Faraday bai yi karatun boko mai zurfi ba. Yaron shago ne a wurin wani mai ɗinkin littattafai a Landan tun yana ɗan shekara 14, littattafan da ake kawowa ɗinki su ya riƙa karantawa. Duk yaron shagon da ke ganin lissafi na 'yan jami'a ne kaɗai, ya kamata ya san wannan.

Mita kafin komai

In kuɗin mai koyo na sayen abu ɗaya ne tak, ya sayi mita, irin mai auna bolt da amfiya da om a jiki ɗaya. Ko ƙaramar nan mai arha ta isa a fara da ita a kan batir da ƙananan kaya. Ba a ganin lantarki da ido, don haka duk abin da aka faɗa game da ita ba tare da awo ba, zato ne.

Darasin farko da mita shi ne a haɗa batir da resista da LED ɗin nan, sannan a auna. A ɗora tsinken mita biyu a ƙafafun resista, za a ga kusan bolt 7. A ɗora a ƙafafun ƙwai, za a ga kusan 2. A tara, an koma 9. Wannan ita ce ɗaya daga cikin ƙa'idoji biyu da Gustav Kirchhoff ya fitar a 1845 yana ɗalibi ɗan shekara 21: boltejin da batir ya bayar, kayan da ke kan hanya ne ke raba shi a tsakaninsu, babu abin da ke ɓata. Ta biyun ta ce duk karan da ya shiga mahaɗa, shi ne zai fita daga cikinta. Ɗalibin da ya ga haka da idonsa a fuskar mita ba ya buƙatar hadda. Gani ya kori ji.

Kowane awo da yadda ake yinsa, kuma a nan ne mitoci da yawa ke mutuwa. Bolteji ana auna shi ne ta hanyar ɗora tsinke biyu a gefe da gefen abin da ake so, wuta tana kunne. Karan kuwa sai an tsinke hanyar, an sa mita a tsakani ta zama gadar da wutar za ta bi. Turjiya ba a auna ta sai an kashe wuta, kuma ya fi kyau a cire ƙafa ɗaya ta resistar daga allo, domin sauran kayan da ke kewaye da ita na iya ɓata sakamakon. Kuskuren da ya fi yawa, ya kuma fi haɗari, shi ne mutum ya gama auna karan ya bar jan tsinke a ramin da aka rubuta 10A, daga baya ya cusa tsinken a soket ɗin bango don ya ga bolt nawa ake da shi. A wannan yanayi mitar ta zama guntun waya kawai da ta haɗa layi biyu kai tsaye. In an yi sa'a fis ɗin cikinta ne zai tsinke. In ba a yi ba, tartsatsi ne a fuska. Saboda haka a mai da shi ɗabi'a: da an gama auna karan, jan tsinke ya koma ramin bolt nan take.

Sai batun AC da DC da ke rubuce a jikin mita. Wutar batir da ta farantin sola DC ce, hanya ɗaya take bi, tana da ɓangaren tarawa da na debewa. Wutar gida AC ce, kai-da-komo take yi sau 50 a daƙiƙa a Najeriya da Nijar da Ghana. A Amurka bolt 120 ne, sau 60 a daƙiƙa, shi ya sa duk kayan da aka shigo da su daga can sai an karanta rubutun jikinsu kafin a jona. Mafi yawan cajojin waya da na kwamfuta suna karɓar daga bolt 100 zuwa 240, amma injin markaɗe ko na'urar busar da gashi da aka yi don bolt 120 kaɗai, jonawa ɗaya ke kashe ta.

Kayan da ke kan allo

Ba sai an san kaya ɗari ba. Guda huɗu ko biyar ne ke ta maimaita kansu. Resista an riga an gan ta. Zobban launukan da ke jikinta su ne lambarta. Baƙi 0, ruwan ƙasa 1, ja 2, ruwan lemo 3, rawaya 4, kore 5, shuɗi 6, shunayya 7, ruwan toka 8, fari 9. A mai zobe huɗu, biyun farko lambobi ne, na uku yawan sifirin da za a ƙara, na huɗu kuma, ruwan zinare ko na azurfa, yana nuna iyakar kuskurenta, kashi 5 ko 10 cikin ɗari. Rawaya, shunayya, ruwan ƙasa: 470. Ruwan ƙasa, baƙi, ja: 1,000. In ido ya yi kokwanto, mita ta raba gardama.

Dayod ƙofa ce mai barin wuta ta wuce ta ɓangare ɗaya kawai, tana cin kusan bolt 0.7 a matsayin kuɗin wucewa. Guda huɗu in aka haɗa su yadda ya kamata, su ke mai da AC ta zama DC a cikin caja da rediyo. Tiranzista, wadda John Bardeen da Walter Brattain da William Shockley suka samar a ɗakin binciken Bell a Amurka a 1947, makunni ce da ƙaramar wuta ke sarrafa babba da ita. Wayar hannu ta yau na ɗauke da biliyoyinsu, amma mai koyo guda ɗaya yake buƙata, irin BC547, ya yi amfani da ita ya kunna ƙwai in duhu ya yi.

Kafasita ta cancanci a ɗan tsaya a kanta, domin ita ce ta fi ba masu gyara aiki a ƙasashe masu zafi. Aikinta tara wuta na ɗan lokaci da sakinta, don ta daidaita boltejin da ke hawa da sauka. Irin masu kama da ƙaramin gwangwani suna da ruwan sinadari a ciki, kuma zafi na busar da shi. Ƙa'idar da masu ƙera su ke bi ita ce, duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage rabin rayuwarta. A garin da zafin bazara ke haura digiri 40 a inuwa, dikodar da aka tura cikin kabad babu iska, aka kuma lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙura, ba za ta yi tsawon rai ba. Kafasitar da samanta ya kumbura ta gama aiki. Wajen canja ta, a kula da abu uku: lambar ƙarfinta ta zama daidai da ta tsohuwar, boltejinta ya zama daidai ko sama, kuma kada a juya ƙafafunta, domin in aka juya tana iya fashewa.

Hunturu ma da nasa. Busasshiyar iska na sa jiki ya tara wutar da kan ɗan ja mutum in ya taɓa ƙofar mota. Wannan ɗan tartsatsin da mutum ke dariya a kansa ya isa ya kashe aisi (IC, ƙaramin abin nan mai ƙafafu da yawa a kan allo) ko tiranzistar da ke cikin waya da kwamfuta ba tare da an ga alama ba. Kafin a taɓa allo, a taɓa wani ƙarfe da ke haɗe da ƙasa, a kuma riƙe allon ta gefensa.

Abin da ke kisa

Wannan sashe ba na tsoratarwa ba ne, lissafin Ohm ne dai aka ɗora a kan jikin ɗan Adam. Mutum na fara jin wuta daga kusan miliamfiya 1. A wajen miliamfiya 10 zuwa 20 tsokar hannu na iya ƙanƙamewa ta kasa sakin waya. Daga 50 zuwa 100, in ta ratsa ƙirji, bugun zuciya na iya rikicewa. Busasshiyar fata na da turjiya mai yawa, amma jiƙaƙƙiya, da gumi ko ruwan alwala ko na wanka, tana iya sauka zuwa wajen om 1,000. A raba 230 da 1,000, an samu miliamfiya 230. Ya wuce abin da ke kisa nesa ba kusa ba. Na'urar kariya da ake sa wa a allon rarraba wutar gida, mai yanke wuta in ta ga yoyo, a miliamfiya 30 take yankewa saboda wannan dalili.

Don haka mai koyo ya yi watanninsa na farko a kan bolt 5 zuwa 12, da batir ko cajar USB. Wutar bango sai a gaban maigida ko malami. In lokacin ya zo, a cire zobe da agogon ƙarfe, a sa takalmi mai roba, a tsaya a busasshen wuri, a yi aiki da hannu ɗaya in zai yiwu domin kada wuta ta samu hanya daga hannu zuwa hannu ta cikin ƙirji. Kada a dogara da ɗan sukundireban tasta kaɗai wajen tabbatar da cewa layi ya mutu. Haskensa ba ya fitowa sosai a rana, kuma yakan yaudari mutum. A auna da mita, bayan an gwada mitar a inda aka san akwai wuta. In wuta ta kama wani, kada a taɓa shi da hannu. A kashe makunni ko a ture shi da busasshen katako, sannan a kai shi asibiti ko da ya miƙe ya ce lafiyarsa lau.

Cire filogi ba ya nufin haɗari ya wuce. Bolt 230 na AC, in aka mai da shi DC, yana kaiwa kusan 325, kuma babbar kafasitar da ke cikin talabijin ko cajar kwamfuta na iya riƙe shi bayan an cire wuta. A auna ta, a sauke ta ta hanyar resista, ba da bakin sukundireba ba. Na'urar ɗumama abinci ta maikurowef tana aiki da wajen bolt 2,000 a ciki, tsohuwar talabijin mai ƙeya kuwa sama da 20,000. Waɗannan biyu ba na ɗan koyo ba ne ko kaɗan.

Batir ma ba abin rainawa ba ne. Na mota ko na sola mai bolt 12 ba ya jan mutum, amma in sifana ta faɗa ta haɗa kawunansa biyu, ɗaruruwan amfiya za su bi ta cikinta har ta yi ja. Yana kuma fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta lokacin caji, don haka ba a ajiye shi a rufaffen ɗaki ko kusa da tartsatsi. Batirin litiyom, irin 18650 da ake cirowa daga tsofaffin kwamfutoci, bolt 3.7 ne, in ya cika 4.2, kuma ba a wuce nan. Ba a caja shi sai ta allon caji da aka yi dominsa, ba a huda shi, wanda ya kumbura kuma ba a sake amfani da shi. Masu kyau na gaske ba su cika wuce 3,500mAh ba. Duk wanda aka rubuta wa 9,900 a jiki, rubutu ne kawai.

Fis kuwa an yi shi ne domin ya mutu a madadin kaya da gida. Wanda ya ɗaure fis da waya ko takardar sigari bai gyara komai ba, ya cire mai gadi ne ya bar matsalar a ciki. Filogi mai ƙafa uku da ake amfani da shi a Najeriya iyakarsa amfiya 13, kusan wat 3,000. Butar dafa ruwa mai wat 2,000 da dutsen guga a kan ekistenshan ɗaya sun riga sun kai bakin iyaka, balle in wayar cikinsa alminiyam ce da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Gane ta ba wuya: a kankare da wuƙa, in fari ya bayyana, ba jan ƙarfe zalla ba ce.

Dalma, da neman inda cuta take

Liƙi da dalma sana'ar hannu ce, ba a koyonta sai da yi, amma kuskure ɗaya ne ke damun kusan kowa: narka dalma a bakin ƙarfen liƙi a ɗiga ta a kan waya. Daidai shi ne a ɗora bakin ƙarfen ya taɓa ƙafar kayan da tagullar allo a lokaci guda, a jira daƙiƙa ɗaya ko biyu, sannan a miƙa dalmar ga mahaɗar ta narke da zafinta. Mai kyau yakan fito sumul da sheƙi. Wanda ya dunƙule ya yi duhu, gobe zai saki. Dalmar da aka fi samu, mai kashi 60 na kuza da 40 na darma, tana narkewa a wajen digiri 185, ƙarfen kuma ana sa shi tsakanin 300 da 350. Tsohon allon rediyon da ya mutu ya isa filin atisaye: a cire kayan, a mayar, a sake cirewa.

Darma guba ce. Mutanen Zamfara sun ga haka a 2010, lokacin da ƙurar darma daga aikin haƙar zinare ta hallaka ɗaruruwan yara. Ta mai gyara ba ta kai wannan yawa ba, amma taruwa take yi a jiki sannu a hankali. Kada a riƙe dalma da haƙori, kada a ci goro ko abinci a kan teburin aiki, a wanke hannu da sabulu, a bar taga a buɗe saboda hayaƙi, kuma kada a yi aikin a ɗakin da ƙananan yara ke rarrafe.

In aka kawo kayan da suka ƙi aiki, gwani ba ya fara da cire aisi. Tambaya yake fara yi: yaya aka yi ya tsaya, faɗuwa ya yi, ruwa ya shiga, ko an kawo wuta da ƙarfi ne? Sannan ido da hanci: ƙuna, kumburi, tsagewar dalma, ƙauri. Sannan ya bi wutar daga inda take shigowa, waya, filogi, fis, makunni, yana aunawa mataki-mataki har ya iso inda boltejin da ya kamata a gani ya ɓace. Sau da yawa cutar na nan kusa da ƙofa, a tsinkakkiyar waya ko mahaɗar da ta saki. Kuma abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda, a gwada, domin wanda ya canja biyar kaya suka tashi bai san wanne ne ya gyara ba, gobe in irinsa ya dawo sai ya sake sayen biyar.

Aikin sola, wanda yanzu ke ba matasa da yawa abinci, shi ma lissafin nan ne. Batir mai bolt 12 da 200Ah na riƙe da wat-awa 2,400, amma in na darma ne ba a son a sha fiye da rabi in ana so ya daɗe, saura 1,200. Fanka mai wat 60 da ƙwai huɗu masu wat 10 sun zama wat 100: awa 12 a takarda, wajen 10 in aka cire abin da inbata ke ci. Batir biyu in aka jera su kai da gindi, bolteji ya zama 24. In aka haɗa su gefe da gefe, ya tsaya a 12, ajiya ta ninka. Ba a haɗa sabo da tsoho. Mai sa sola da ya iya yi wa maigida wannan bayani kafin a sayi kaya ya kauce wa rigimar da ke tasowa bayan wata uku.

Bayan ƙwai da resista, mataki na gaba shi ne allon gwaji mai ramuka, wanda ake cusa kaya a ciki ba tare da dalma ba. A kansa za a iya haɗa ƙwai mai kyaftawa da aisi mai lamba 555, ɗan ƙaramin abu mai ƙafa takwas da Hans Camenzind ya tsara a 1971 kuma har yau ake ƙera shi. Daga nan sai ƙararrawar cikar tankin ruwa, sai fitilar da ke kunna kanta da magariba. Arduino, ƙaramin allon da ake sarrafawa da rubutun kwamfuta, wanda aka fara a garin Ivrea na Italiya a 2005, ya dace ya zo bayan waɗannan, ba kafinsu ba. Wanda ya fara da shi yakan iya kwafo rubutun kwamfuta daga intanet amma ya kasa gane dalilin da ya sa ƙafar allon ta ƙone. Kowane kaya kuma yana da takardar bayaninsa daga kamfanin da ya yi shi. In aka rubuta lambar jikinsa a intanet za ta fito, da Turanci, amma abin da ake nema a ciki lambobi ne da zane: iyakar bolt, iyakar amfiya, wace ƙafa ce wace.

Littafin rubutu na gefen tebur yana da muhimmancin da ba a cika ba shi ba. Zanen abin da aka haɗa, abin da lissafi ya ce za a gani, abin da mita ta nuna. Inda biyun suka saɓa, nan darasin yake.

Makaranta da shago kowanne na da abin da ɗayan ba shi da shi. Kwalejojin fasaha da manyan makarantu irin su Kaduna Polytechnic da Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero suna ba da tushe da takardar shaida, shago kuma na ba da kaya ɗari masu cuta ɗari. Ɗalibin makaranta, namiji ko mace, ya nemi shagon da zai riƙa zama lokacin hutu. Yaron shago ya nemi littafin kimiyyar lantarki na sakandare, ya kuma yi tunanin zana jarrabawar sana'a irin ta NABTEB. Iyayen gida masu yara a ƙarƙashinsu kuwa, roƙon da za a yi musu shi ne kada yaro ya shekara yana shara da sayo abinci kafin a bar shi ya taɓa mita. A miƙa masa ita tun makon farko, tare da batir mai bolt 9, da resista mai om 470, da jan ƙwai ɗaya, a ce ya auna ya faɗi abin da ya gani.